Yadda Aka Taƙaita Maganar Baba

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita a ciki, na kuma ga in ban sauke ta yanzu ba, da ita za a rufe ni. Tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa Baffa Iro na Furana mutum ne mai taurin zuciya, wai wansa uwa ɗaya uba ɗaya yana kwance yana jiran sa'i ya aika masa, ya ƙi zuwa. Kun ji a bakin Iya mahaifiyata kafin ta rasu, kun ji a bakin maƙwabta, har ranar wani suna na ji ɗaya daga cikinku tana ba ƙawarta labarin da muryar wadda ta gani da idonta. Ina zaune ina jinku, ban taɓa cewa a'a ba. To, yau zan ce. Ba haka aka yi ba.

Abin ya faru ne a shekarun farko bayan Turawa sun miƙa mulki, lokacin da duk gidan da ke da ɗa a makarantar boko yake ganin kamar ya riga kowa tashi. Gidanmu yana Dandamisa, Baba manomin rake ne, fadamar da suka gada shi da ƙanensa Iro ita ce abin taƙamarmu. Su biyu ne maza a wurin Inna, kakata. Mahaifinsu ya rasu Baffa Iro bai fi shekara biyar ba, saboda haka Baba ne ya raine shi, shi ya yi masa kaciya, shi ya yi masa aure. Sunan Inna aka sa mini, shi ya sa babu wanda ke kiran sunana na yanka a cikinsu. Mutanen gida suna ce mini Uwani, Baba da Baffa kuwa Uwata suke cewa, ko laifi na yi ba sa ɗaga mini murya.

Abin da ya raba su ba wani babban abu ba ne. Wata shekara ana biki a gidan surukan Baffa a Furana, ya shiga fadama ya sare rake kunya biyar bai tambayi Baba ba, ya kai musu gudummawa. Raken ma bai gama nuna ba. Bayan kwana biyu suka haɗu a wurin da ake matse rake ana dafa mazarƙwaila, mutane cike, har da surukin Baffa da ya zo godiya. Magana ta ja magana, Baba ya ɗauki karan rake ya shauɗa wa Baffa a gadon baya, magidanci da 'ya'ya uku, a gaban uban matarsa. Baffa ya juya ya bar wurin. Kafin mako ya zagayo ya kwashe iyalinsa ya koma Furana. Damina bakwai ba wanda ya taka gidan wani. Baba bai taɓa ambaton sunansa ba a tsawon shekarun nan, amma duk shekara in an sare rake sai ya bar wasu kunyoyi a gefen gabas, ya ce ba su nuna ba, har su bushe a tsaye.

Ni dai kun san ni, ban yi karatu mai nisa ba. Na yi allo daidai gwargwado, bayan an kai ni Kudan gidan ubanku na zauna ajin yaƙi da jahilci na 'yan watanni, na iya haɗa baƙi a hankali, ina bi da yatsa. Abin da Allah Ya ba ni kunne ne. Tun ina yarinya ni ake aika da saƙon baki, domin in aka faɗa mini magana sai in kai ta yadda aka faɗe ta, da inda aka numfasa, da inda aka yi tari. Iya takan ce in ta aike ni gidan wani da faɗa sai ta tausasa murya tukuna, don ta san har tsakin zan kai.

Shekarar da nake ba ku labari na zo gida goyon ciki, na haifi babbanku a tsakiyar marka. Ina cikin wankan jego, safe da yamma Iya na zabga mini ruwan zafi da ganye, ana ɗura mini kunun kanwa, ba ni da ikon leƙa ko ƙofar gida sai na yi arba'in. A daidai lokacin ciwon Baba ya tsananta, ƙafafunsa suka kumbura, hannunsa na dama ya shanye. A daidai lokacin kuma Yaya Lawal, kawunku, ya zo hutu daga kwalejin horon malamai a Zariya.

Ku da kuka san shi da furfura da sanyin hali ba za ku gane Yaya na wancan lokacin ba. Saurayi ne dogo, da farar riga mai aljihu, da alƙalamin tawada a maƙale, ga littattafai a akwatin ƙarfe. Ya dawo mana da wasu kalmomi da ba mu taɓa ji ba: jumla, sakin layi, waƙafi, gabatarwa, kammalawa. Kowa ya buɗe baki a gidan sai ya auna shi. Wata rana Iya tana ba da labarin yadda akuyar maƙwabta ta shigo ta ci mata dusa, tana zagayawa tana dawowa kamar yadda ta saba, sai ya ce:

"Iya, sau uku ke nan kina faɗin akuyar ta shigo. A makarantarmu da tuni an ja miki jan layi."

Iya ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ta juyo wurina ta ce:

"Uwani, ji min yaron nan. To a zo a ja mini, in ga mai jan. Sau uku ta shigo, sau uku zan faɗa."

Muka yi dariya har da shi. Ba mugu ba ne, kar ku ɗauka haka nake nufi. Ni ce ma ya fi sakewa da ni, yakan zo ƙofar ɗakin da nake jego ya zauna a kan turmi yana nuna mini littafinsa. Ya nuna mini wani shafi na shekararsa ta farko, inda aka ce su rubuta labarin garinsu, ya rubuta yadda muke magana a gida. Jan tawada ya fi baƙi yawa a shafin. Ya ce malamin ya tsayar da shi a gaban aji ya karanta da ƙarfi, 'yan birni suna ta dariya, aka ce wannan surutun tsofaffin mata ne a bakin rijiya, ba rubutu ba. Ya ce ranar bai ci abinci ba. Tun daga nan ya ɗaura ɗamara, har ya zama babu wanda ya kai shi a darasin da suke kira taƙaitawa. Wai a ba ka dogon zance, ka nemo manufarsa, ka zubar da maimaici da gaishe-gaishe da labaran gefe, ka jera abin da ya rage ɗaya bayan ɗaya, kuma kar ka riƙa cewa ni, ni, sai dai ka ce an yi, an ga, an lura. Yana faɗa idonsa na ƙyalli. Ni kuma ina jijjiga jariri ina cewa ikon Allah, don a gaskiya abin ya burge ni.

Wata safiya da hantsi, ruwa ya ɗan tsagaita, Baba ya sa aka jingina shi da bango ya ce a kira masa Lawal da takarda. Ya ce zai aika wa Iro. Shekara bakwai ke nan ba mu ji sunan nan a bakinsa ba. Iya ta durƙusa a gefen gado ta ce:

"Malam, da ka bari Uwani ta yi arba'in, kwana goma sha tara ya rage. A ɗora ta a jaki ta je. Uwarsa ce, ba zai iya kallon idonta ya ce a'a ba."

Baba ya ce: "Kwana goma sha tara? Ke kika san ina da su? Kuma ina da ɗa a kwaleji, a ce har yanzu da baki nake aike kamar wanda bai haifi kowa ba?"

Yaya ya zauna a kan tabarma ya ɗora littafi a gwiwa. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da ƙwaryar kunu, ban shiga ba, ban kuma tafi ba. Ga abin da Baba ya faɗa. Ban ƙara ba, ban rage ba.

"Rubuta. Ka ce Iro. Ka ce Iron Inna. Ka ce ina gaishe shi, ina gaida iyalinsa, ina gaida Malam surukinsa, ka ce ina gaida Malam da kyau. Ka ce yaya damina a wajensu, gero ya fid da kai? Ka ce mu nan ruwa ya yi yawa har katangar bayan gida ta zube, wadda muka gina tare, ya san ta. Ka ce masa Iro, ka tuna shekarar da mahaifinmu ya rasu, muna dawowa daga gona rafi ya kawo, na ɗora ka a wuya, ka kama kunnuwana kana kuka, kana cewa Yaya kar ka sake ni? Ka ce ban sake shi ba. Rubuta, ban sake shi ba. Sake rubutawa."

Ya tsaya ya huta, Iya ta ba shi ruwa. Sannan ya ci gaba.

"Ka ce hannun da ya riƙe shi a ruwan nan, shi ne ya ɗauki rake a gaban mutane ranar nan. Ka ce hannun yana nan, ya bushe, ko moɗa ba ya ɗagawa, in ya zo ya gani. Ka ce raken fadama ya yi kyau bana, ya fi na kowa, ni kuwa ba haƙora. Ba mai sha. Ya zo ya sha rakensa. Ka ce rakensa. Ka ce Uwata ta haihu, namiji, uwarsa ta haihu bai zo barka ba. Ka ce ya zo. Ka ce Iro. Ka ce Iro dai."

Ya daɗe yana magana, yana komawa kan rafin, yana komawa kan katangar, har kunun da ke hannuna ya huce. Ku lura, ko sau ɗaya bai ce ka yafe mini ba, bai ce na ba ka fadama ba. A wurinmu a lokacin, wan da ya raini ƙanensa ba ya buɗe baki ya faɗi haka tsirara. Zagayawa yake yi, mai sauraro kuma ya san inda aka dosa. Duk wanda aka haifa a ƙasar nan in ya ji maganar hannun da ya bushe ya san dattijo ya durƙusa ne.

Yaya bai rubuta a lokacin da ake maganar ba, sai ɗan alamu da yake yi a gefen littafi. Da Baba ya gama, ya fita zaure ya ɗan jima, ya dawo da farar takarda, rubutu tsaf kamar an buga da inji, layukan ba su fi tafin hannuna ba. Al'ada ce in an rubuta wa mutum wasiƙa a karanta masa ya ji, don haka ya gyara murya ya karanta.

"Zuwa ga Malam Ibrahim, Furana. Bayan gaisuwa. Dalilin wannan takarda shi ne batun fadamar rake da ke Dandamisa. Na ɗaya, an lura cewa shekara bakwai ke nan ba a daidaita wannan batu ba. Na biyu, ba a manta da abin da ya faru a wurin matsar rake a gaban jama'a ba. Na uku, wanda ya aiko da wannan takarda ba shi da lafiya. Saboda haka ana bukatar ka zo cikin gaggawa domin a kawo ƙarshen maganar."

Baba ya tsaya yana jira, yana tsammanin da saura. Da ya ga Yaya ya ninke takardar sai ya ce:

"Ina maganar rafin?"

"Tana ciki, Baba, a dunƙule. Haka ake rubutu yanzu. Ba a cika takarda da labari, manufar ake fitarwa. Shi mai karantawa zai gane."

"Ina inda na ce Iron Inna?"

"Ba a sa irin wannan a takarda, Baba. Cikakken suna ake sawa, shi ne girmamawa."

Baba ya dubi takardar, ya dubi ɗansa, na ga fuskarsa ta saki, irin sakin da take yi in baƙi sun zo yana nuna musu akwatin littattafan. Ya ce, "To, ku kuka sani." Yaya ya shafa masa tawada a babban yatsan hagu, tunda na dama ya mutu, ya dangwala a ƙasan takardar. Wai don a tabbatar daga gare shi ta fito.

Ni kuwa tun daga "na ɗaya" na gane irin takardar. Na taɓa jin an karanta takarda mai irin wannan tafiyar sau ɗaya a Kudan, ranar da aka kawo wa wani maƙwabcinmu sammaci. Na bi Yaya har bayan rumbu na tare shi.

"Yaya, wannan ba maganar Baba ba ce."

"Wace magana ce ba tasa ba? Bai yi zancen fadama ba? Bai yi zancen dukan ba? Bai ce ba shi da lafiya ba? Bai ce ya zo ba? Nuna mini guda ɗaya da na ƙirƙira."

"Ba ka ƙirƙira ba. Amma ruwan raken ka zubar, ka aika wa Baffa da abin da aka tauna aka tofar. Don Allah ka zauna in faɗa maka yadda ya ce, ban manta ko ɗaya ba, kai dai ka rubuta."

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro.

"Uwani ke nan. Wata uku a ajin tsofaffi, har kin fara gyara wa 'yan kwaleji rubutu? Kin san wa zai karanta wa Baffa takardar nan? Malamin dagaci. So kike a buɗe ta a gaban mutane a ji ka ce Iro, ka ce Iro dai, a tambaya wane ne ya rubuta wannan shirme, a ce ɗan Dandamisa ne da ke kwaleji? Je ki, jaririnki na kuka."

Jaririn kuwa kuka yake, na tafi. Ɗakin Baba yana nan a hannun damana, labule kawai zan ɗaga in ce Baba, ba a sa ba. Na wuce. Na ce a raina wace ce ni, wadda ke bin baƙi da yatsa. Na ce wataƙila su masu boko suna da yadda suke jin abin da ke dunƙule. Na kuma tuna fuskar Baba lokacin da ya ce ku kuka sani, na kasa zama wadda za ta goge ta. Washegari aka ba wani mai kai mazarƙwaila kasuwar Ikara a keke, ya sa takardar a cikin hularsa saboda ruwa, ya tafi.

Bayan kwana shida ya dawo. Ya shigo har ɗakin Baba don ya daɗe da sabawa da gidan, ya tsuguna yana murza hula, da ka gan shi ka san bai zo da daɗi ba. Ya ce ya sami Baffa a ƙofar gidan dagaci, ana zaune bayan la'asar, har da surukinsa. Baffa bai iya boko ba, ya miƙa wa malamin dagaci, shi kuma ya miƙe tsaye ya karanta da muryar da yake karanta takardun hukuma. Da ya kai "a gaban jama'a" wani ya ce, af, shaidu ake tarawa. Da aka ga yatsa a ƙasa sai aka ce lalle magana ta kai gaban alƙali. Ya ce Baffa ya karɓi takardar, ya ce:

"Ka ce wa yayana na ji sammaci. Duka ya yi mini a gaban Malam surukina, yau kuma ya sa an karanta mini a gaban Malam. Fadama na bar masa duniya da lahira. Ba sai na zo ba."

Baba ya dubi mutumin. Can ya ce:

"An karanta masa duka?"

"Duka, Malam. Tun daga sama har ƙasa, ina tsaye."

"Har maganar rafin ya ji?"

Mutumin bai san wane rafi ba, ya ce ai babu abin da aka tsallake. Yaya yana zaune a bakin gado. Na dube shi, ya kafa ido a kan tabarma. Jira nake ya yi magana, shi kuma na san addu'a yake kar in yi. Wannan ce dama ta biyu da Allah Ya ba ni, ita ce kuma wadda ta fi ci mini rai har yau. Da na buɗe baki, da Baba ya san ƙanensa bai ji shi ba ne, ba ƙin sa ya yi ba. Da an sake aikawa, ko a karya mini jegon a ɗora ni a jaki. Amma da na buɗe baki, da na tsiraita ɗan farinsa a gabansa, a gaban baƙo, yana kan gadon mutuwa. Na auna, na zaɓi Yaya. Baba ya juya fuskarsa bango ya ce:

"Shi ke nan. Ni na jawo."

Bai sake ambaton Iro ba. Ya rasu ranar da ya rage mini kwana takwas in yi arba'in. Baffa ya zo ranar sadakar uku, ya zauna a waje cikin maza, ya yi addu'a, ya tashi, bai shigo ya yi wa Iya gaisuwa ba. Daga ranar Iya ta sa masa suna mai taurin zuciya, sunan da kuka gada.

Da rani ya yi, na roƙi ubanku ya bar ni in je Furana. Allah Ya ji ƙansa, bai tambaye ni dalili ba, ya raka ni da kansa. Baffa ya tarbe ni da murna, ya karɓi jaririn yana cewa Uwata ta kawo mini ƙane. Bayan an ci abinci na ce ina da saƙo. Na zauna a gabansa na faɗa masa maganar Baba tun daga "ka ce Iro" har "ka ce Iro dai", da inda ya huta, da inda aka ba shi ruwa. Ina cikin maganar rafin na ga ya ɗora hannu a kan kunnensa, hawaye na bin gemunsa. Na ce a raina alhamdu lillahi, saƙo ya isa. Sai ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da takardar a naɗe cikin tsumma, ya shimfiɗa ta a tsakaninmu.

"Uwata, kin iya magana, tun kina ƙarama. Muryarsa ce na ji yanzu, wallahi kamar ya shigo. Amma wannan yatsan wane ne?"

"Nasa ne, Baffa."

"An karanta masa kafin ya dangwala?"

"An karanta masa."

"Kina wurin?"

"Ina bakin ƙofa."

"Kika ce me?"

Na sunkuyar da kai. Ya jira ni, ya daɗe yana jira, don so yake in ba shi abin da zai riƙe. Na ce ban ce komai ba. Ya naɗe takardarsa a hankali ya ce:

"To, kin gani. Ke 'yar ubanki ce, kina so ki gyara masa bayansa, Allah Ya yi miki albarka. Zan so a ce naki ne gaskiya. Amma wanda ya yi karatu ya rubuta, aka karanta wa mai magana ya yarda, ke mai kunnen gidanmu kina tsaye ba ki musa ba. Yanzu da wanne zan kwana?"

Ya haɗa mini ƙwan zabi da daddawa, ya raka mu har bayan gari. Bai sake taka Dandamisa ba har ya koma ga Allah. Kunyoyin gefen gabas kuwa, Yaya ya sa aka haɗe su da sauran fadamar.

Sau ɗaya na taɓa tayar wa Yaya da maganar, bayan shekaru, lokacin ya zama shugaban makaranta a Makarfi, yara sun ratsa ta hannunsa ba iyaka, duk ya koya musu yadda ake tsara jumla da yadda ake taƙaita zance. Yana zaune yana duba littattafan yara da jan alƙalami. Na ce Yaya, kana tuna takardar Furana? Bai ɗago ba. Ya ce:

"Babu kuskure ko ɗaya a takardar nan, Uwani."

Na ce haka ne, babu. Alƙalamin ya tsaya a hannunsa bai motsa ba har na fita. Shi ya kai yawancinku makaranta, shi ya tsaya muku bayan rasuwar ubanku, shi ya sa na ja bakina yana raye, na bar Baffa ya ɗauki sunan da ba nasa ba. Kullum aka zagi Baffa a gabana na yi shiru, na san na sake zaɓar Yaya ne. Yanzu duk sun tafi, ni kaɗai na rage a cikin waɗanda suka ji abin da aka faɗa a ɗakin nan. Wata a cikinku ta ce in kawo ta rubuta mini labarin rayuwata a littafi ta gyara mini Hausar, na ƙi, ta ji haushi. Ki yi haƙuri, 'yar nan, yanzu kin san dalili.

An gaya mini autar Baffa, Mairo, tana nan da rai a Furana, idonta ya tafi amma tana ji garau. Ita ma ta tashi ne da labarin wan ubanta da ya aiko da sammaci daga gadon mutuwa, shi take ba jikokinta. Ƙafafuna ba sa kai ni ko bakin titi yanzu, kuma na fara lura wasu kalmomin suna ɓace mini da safe, sai rana ta yi su dawo. Kuna da motoci, kuna wuce mararrabar Furana in za ku Ikara. Wane ne a cikinku zai ɗauke ni ya kai ni wurinta, tun ina iya faɗin maganar yadda mai ita ya faɗe ta?